Tara Kiredit na Jami'a Tun Daga Sakandare

Tara kiredit na jami'a tun daga sakandare tsari ne da ke bai wa ɗalibin da bai gama sakandare ba damar yin wani yanki na karatun jami'a, a kuma ƙirga masa shi ranar da ya shiga babbar makaranta. A Amurka tsarin ya samu siffar da aka san shi da ita yau, a can kuma ya yaɗu har ya zama abin yau da kullum ga miliyoyin matasa 'yan shekara 16 zuwa 18. Manyan hanyoyinsa biyu ne. Ko dai ɗalibi ya yi darasi mai zurfi a makarantarsu sannan ya zauna jarrabawar wata hukuma ta waje, ko kuma ya yi rajista kai tsaye da wata kwaleji ya ɗauki kwas ɗinta alhali sunansa na nan a rajistar sakandare. Ko ta wace hanya aka bi, jami'ar da ɗalibin zai shiga daga baya ita ke da ta cewa a kan abin da za ta karɓa.

Ma'anar kiredit

Mai karatu ɗan Najeriya zai iya rikita wannan kalma da kiredit ɗin WAEC ko NECO, wato sakamakon da ya kai C6 ko ya fi. Ba shi ake nufi a nan ba. Abin da ake nufi shi ne wanda ɗaliban jami'o'inmu ke kira yunit: ma'aunin nauyin kwas. A Amurka kiredit ɗaya yana daidai da awa guda a aji kowane mako, da kamar awa biyu na nazari a gida, na tsawon zango mai mako 15 ko kusan haka. Yawancin kwasa-kwasai kiredit uku ne. Digirin farko na shekara huɗu yakan buƙaci kiredit 120, ƙaramin digiri na shekara biyu da kwalejojin al'umma ke bayarwa kuwa 60. Ke nan wanda ya shiga jami'a da kiredit 30 a hannu, idan an karɓe su duka, ya rage wa kansa shekara guda cur.

Shekarar nan guda kuɗi ce mai yawa. A zangon karatu na 2023 zuwa 2024, matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejin al'umma ya kai kusan dala 4,000 a shekara, a jami'ar jiha ga ɗan jihar ya ɗan haura dala 11,000, a jami'o'i masu zaman kansu kuwa ya zarce 40,000, ban da kuɗin ɗaki da abinci da littattafai. Bashin karatu da Amurkawa ke ɗauke da shi ya haura dala tiriliyan 1.6. Duk wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda iyaye da 'yan majalisun jihohi suka rungumi tsarin ba.

Wani abu kuma da ya sa tsarin ya fi zama daram a Amurka shi ne yanayin digirin nasu. Ɗalibi ba ya faɗawa cikin fanninsa tun ranar farko. Shekarar farko, wani lokaci har da ta biyu, takan tafi ne a kan darussan gama-gari: rubutun Ingilishi, lissafi, tarihin Amurka, wani abu na kimiyya, wani abu na zamantakewa. Waɗannan kuwa ba su da nisa da abin da ake koyarwa a aji 11 da aji 12, kwatankwacin aji biyar da aji shida na sakandaren Najeriya. Maimaicin da ke tsakanin ƙarshen sakandare da farkon jami'a shi ne tushen maganar baki ɗaya.

Asali

Iyakar da ke tsakanin sakandare da jami'a a Amurka ba ta taɓa zama katanga mai ƙarfi ba. Kwalejin Joliet da ke jihar Illinois, wadda ake ɗauka ita ce kwalejin al'umma ta gwamnati mafi daɗewa a ƙasar, ta faro ne a 1901 a matsayin ƙarin azuzuwa a cikin wata makarantar sakandare. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wasu kwalejoji da ɗalibansu suka tafi fagen fama sun buɗe ƙofa ga yaran da ba su gama sakandare ba. Ta wannan ƙofa Martin Luther King ya shiga Kwalejin Morehouse a 1944 yana ɗan shekara 15. Sai dai wannan shiga ce da wuri, yaro ya bar sakandare ɗungurungum. Abin da ake magana a kai a nan ya zo daga baya, kuma kusan martani ne ga wancan.

A farkon shekarun 1950 Gidauniyar Ford ta kafa wani asusu na bunƙasa ilimi. Cikin abubuwan farko da asusun ya gwada akwai ɗaukar haziƙan yara daga sakandare a kai su jami'a kafin su kai shekarun da za a kira su aikin soja, lokacin kuwa ana yaƙin Koriya. Shugabannin makarantun sakandare ba su ji daɗin hakan ba, don kuwa zaƙaƙuran ɗalibansu ake kwashewa. Sai tunani ya juya: maimakon a kai yaro jami'a, a kawo masa karatun jami'a inda yake. Ayyuka biyu ne suka fito da wannan. Na ɗaya nazari ne da manyan makarantun kwana uku na masu hali, Andover da Exeter da Lawrenceville, suka yi tare da jami'o'in Harvard da Princeton da Yale, rahoton ya fito a 1952, ya kuma nuna cewa ɗaliban da suka fi ƙoƙari suna ɓata shekarar farko ta jami'a wajen maimaita abin da suka riga suka sani. Na biyu shi ne shirin da Gordon Keith Chalmers, shugaban Kwalejin Kenyon a jihar Ohio, ya jagoranta, inda wasu kwalejoji suka yarda su karɓi darussan da aka koyar a sakandare idan ɗalibi ya ci jarrabawar da aka tsara tare. A 1955 hukumar College Board ta karɓi ragamar shirin da sunan Advanced Placement, wanda kowa ke kira AP, ta kuma yi jarrabawarta ta farko a 1956.

A shekarar 1955 ɗin dai Jami'ar Connecticut ta fara wani shiri na daban, inda ta amince wa wasu malaman sakandare su koyar da kwasa-kwasanta a makarantunsu. Jami'ar Syracuse ta bi sahu a farkon shekarun 1970 da shirinta mai suna Project Advance, bayan wasu makarantun yankin sun kai kukan cewa 'yan ajin ƙarshe sun gama duk abin da ake buƙata sun koma zaman kashe wando a aji.

Duk waɗannan na haziƙai ne, galibi 'ya'yan masu abin hannu. Wadda ta juya akalar ita ce Janet Lieberman, wadda ta tsara wata makarantar sakandare da aka buɗe a 1974 a cikin harabar Kwalejin LaGuardia a birnin New York. Ita yaran da ake fargabar za su watsar da karatu ta nufa, bisa hasashen cewa idan aka sa su cikin manya, aka ɗauke su a matsayin manya, za su natsu. Daga wannan lokaci tsarin ya zama yana da manufa biyu da ba kullum suke jituwa ba: gaggauta wa mai ƙoƙari, da kuma jawo wanda bai taɓa kawo jami'a a ransa ba.

Hanyar jarrabawa

AP na da darussa kusan 40 a yau, daga lissafi mai zurfi da kimiyyar sinadarai zuwa tarihin Turai, harshen Sin da zane-zane. Malamin makarantar ne ke koyarwa, amma tun 2007 sai College Board ta duba manhajarsa kafin a yarda a laƙaba wa darasin sunan AP. Ana jarrabawar a watan Mayu. Wani sashe na zaɓi ne, na'ura ke dubawa. Sashen rubutu kuwa dubban malaman sakandare da na jami'a ne ke haɗuwa a watan Yuni su duba. Sakamako na fita a Yuli, daga 1 zuwa 5, kuma 3 ne ake ɗauka a matsayin ci. Kuɗin kowace takarda ya kusa dala 100, da rangwame ga marasa hali. Kusan ɗalibai miliyan uku ne ke zama a shekara, takardun da suke rubutawa sun haura miliyan biyar. A 2020, saboda annobar korona, an taƙaita jarrabawar zuwa minti 45, kowa ya rubuta daga gida ta intanet.

Labarin da ya fi fito da AP a idon jama'a ya faru ne a 1982 a makarantar Garfield da ke gabashin Los Angeles, unguwar talakawa 'yan asalin Meziko. Wani malami ɗan ƙasar Bolibiya, Jaime Escalante, ya shirya ɗalibai 18 suka zauna jarrabawar lissafi mai zurfi, duka suka ci. Hukumar da ke duba takardun ta yi zargin satar amsa a kan 14 daga cikinsu. Sha biyu suka yarda su sake zama, suka sake ci. An yi fim a kan wannan a 1988 mai suna Stand and Deliver. Bayan haka ya yi wuya wani ya fito fili ya ce AP na 'ya'yan wasu ne kawai, kuma cikin shekarun da suka biyo gwamnatin tarayya da ta jihohi suka shiga biya wa marasa hali kuɗin jarrabawa.

Akwai kuma shaidar IB, wadda aka kafa a Geneva a ƙasar Suwizalan a 1968 don 'ya'yan ma'aikatan ƙasa da ƙasa masu yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan. Ita ba darasi ɗai-ɗai ba ce, shiri ne na shekara biyu: darussa shida, kowane ana ba shi maki 1 zuwa 7, da dogon rubutun bincike mai kalma har 4,000, da darasi a kan yadda ake sanin abu, da ayyukan taimakon jama'a. Jimillar maki 45 ne, ana kuma buƙatar aƙalla 24. Jami'o'in Amurka sun fi ba da kiredit a kan darussan da aka yi a babban mataki. Sai jarrabawar CLEP, ita ma ta College Board, wadda aka fara a 1967. Ba ruwanta da inda mutum ya koyi abin. Ya zo ya zauna kawai. An fi saninta da sojoji da manyan da suka dawo karatu, amma 'yan sakandare, musamman waɗanda iyayensu ke koyar da su a gida, suna amfani da ita.

Ƙarfin wannan hanya shi ne ma'auni ɗaya ne ga kowa. Maki 4 a ƙauyen Montana daidai yake da maki 4 a Boston. Rauninta kuwa shi ne aikin shekara guda ya rataya a kan awa uku na rana ɗaya.

Hanyar rajista biyu

A hanya ta biyu babu jarrabawar waje. Ɗalibi na da rajista a wuri biyu lokaci guda, ya ɗauki kwas ɗin kwaleji, ya yi aikin gida da gwaji da jarrabawar ƙarshen zango kamar kowa, makin da ya samu ya shiga takardar sakamakonsa ta kwalejin. Sau da yawa kwas ɗaya yakan biya buƙata biyu, ta sakandare da ta jami'a. Wani yakan tafi harabar kwalejin ya zauna da manya, wani ya yi ta intanet, amma mafi yawa ba sa zuwa ko'ina: a ajinsu na kullum suke yi, malaminsu na kullum ke koyarwa, bayan kwalejin ta amince da shi. Wani bincike na ma'aikatar ilimi ta tarayya da ya bi ɗaliban da suka shiga aji 9 a 2009 ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku sun ɗauki irin wannan kwas, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗannan a makarantarsu suka yi shi.

Da yake ilimi a Amurka hurumin jihohi ne, kowace jiha da nata salon. Minnesota ce ake yawan ambata a matsayin wadda ta fara buɗe ƙofar ga jiha baki ɗaya da kuɗin gwamnati, da dokar da ta yi a 1985 zamanin Gwamna Rudy Perpich. Dokar ta bai wa 'yan aji 11 da 12 damar zuwa kwaleji ko jami'a, kuɗin makaranta da littattafai duk a kan jiha. Jihar Washington ta yi nata a 1990 da sunan Running Start, inda karatun kyauta ne amma ɗalibi ke sayen littafi ya kuma kai kansa. Ohio ta sake tsara nata a 2015 da sunan College Credit Plus, ta saukar da shi har aji 7. A can idan yaro ya faɗi kwas, gundumar ilimi na iya neman iyaye su mayar da kuɗin, sai fa idan marasa hali ne. A 2015 ɗin dai Texas ta cire iyakar yawan kwasa-kwasan da ɗalibi zai iya ɗauka, ta kuma buɗe wa 'yan aji 9 da 10. Idaho kuwa ta ware wa kowane ɗalibin makarantar gwamnati sama da dala 4,000 da zai kashe a kan irin waɗannan darussa da jarrabawa.

Maganar wa zai biya ba ta taɓa kwanciya ba. A jihohin da kuɗin ke bin ɗalibi, duk yaron da ya tafi kwaleji ragi ne a asusun makarantarsu, don haka ba kowane shugaban makaranta ne ke ɗokin sanar da ɗalibai damar ba. A inda ake biyan ɓangarorin biyu, 'yan majalisa kan yi ƙorafin ana biya sau biyu a kan yaro ɗaya. Su kuwa kwalejojin al'umma tsarin ya zame musu abin dogaro. Manyan ɗalibansu sun yi ta raguwa tun bayan 2010, annoba ta ƙara ragewa, sai 'yan sakandare suka cike gurbin. A zangon 2022 zuwa 2023 kusan ɗaliban sakandare miliyan biyu da rabi ne ke da rajista biyu a faɗin ƙasar, mafi yawansu a kwalejojin al'umma, inda kusan ɗaya cikin kowane ɗalibai biyar ɗan sakandare ne. A Idaho da Indiana ma sun fi rabi. Kwalejin da ke rayuwa a kan waɗannan ɗalibai ita ce kuma aka ɗora wa tabbatar da cewa ba a sassauta musu ba, abin da ya sa wasu ke nuna shakku.

Makarantun da aka gina kacokan a kan tsarin

Akwai makarantun da ba kwas ɗaya ko biyu suke bayarwa ba, an tsara su ne ta yadda ɗalibi zai fita da shaidar sakandare da ƙaramin digiri tare, ko aƙalla kiredit na shekara biyu. Kwalejin Bard ta buɗe irin wannan a birnin New York a 2001 tare da hukumar ilimin birnin. A 2002 Gidauniyar Bill da Melinda Gates da wasu abokan tafiyarta suka zuba kuɗi aka kafa irinsu sama da 200 cikin 'yan shekaru, da nufin 'ya'yan talakawa da waɗanda ba wanda ya taɓa zuwa jami'a a gidansu. A 2011 aka buɗe P-TECH a Brooklyn, haɗin gwiwar kamfanin IBM da jami'ar birnin New York da hukumar ilimi, inda karatun ke kai wa shekara shida, ɗalibi ya fita da ƙaramin digiri a fannin kwamfuta ko fasaha. Shugaba Barack Obama ya ziyarce ta a 2013.

Daga waɗannan makarantu aka samu hujja mafi ƙarfi a kan amfanin tsarin, ta wata hanya da ba a shirya ba. Matsalar da ke damun masu bincike kullum ita ce, yaron da ya zaɓi ɗaukar kwas ɗin jami'a yana ɗan shekara 16 da ma can mai himma ne, ko da tsarin ko babu mai yiwuwa zai je jami'a. To, da yawa daga cikin waɗannan makarantu masu nema sun fi guraben yawa, sai aka riƙa yin ƙuri'a. Ƙuri'a kuwa ba ta san mai himma ba. Cibiyar bincike ta American Institutes for Research ta bi waɗanda ƙuri'a ta faɗo a kansu da waɗanda ba ta faɗo ba a makarantu goma, rahotonta na 2013 ya nuna na farkon sun fi shiga jami'a, sun kuma fi samun digiri, musamman ƙaramin. Wani dogon bincike a jihar North Carolina da Julie Edmunds ta jagoranta ya samu kwatankwacin haka. Abin lura shi ne waɗannan makarantu na ba da jagora da ƙarin darasi da kulawa ta kusa, abin da wanda ya ɗauki kwas ɗaya ta intanet a kan kansa ba ya samu. Bai kamata a ɗauki sakamakon na farko a lulluɓa wa na biyu ba, ko da yake ana yawan yin hakan a jawaban 'yan siyasa.

Ranar karɓa

A nan gizo ke saƙar. Kiredit kamar takardar kuɗi ce ta wata ƙasa: darajarta tana hannun wanda za a miƙa wa. Wasu jihohi, kamar Ohio da Illinois da Texas, sun yi dokar da ta sa jami'o'in gwamnati su ba da kiredit ga wanda ya samu 3 a AP, wasu kuma sun tsara jerin kwasa-kwasan da dole kowace jami'ar jihar ta karɓa daga kowace kwalejin jihar. Da zarar ɗalibi ya ƙetare iyakar jiha ko ya nufi jami'a mai zaman kanta, wannan kariya ta ƙare. Manyan jami'o'in da ake rububin shiga sukan nemi 4 ko 5, da yawansu kuma ba sa ƙirga kwas ɗin da aka yi a ginin sakandare, ko wanda aka riga aka ƙirga cikin sharuɗɗan kammala sakandare. A 2013 Kwalejin Dartmouth ta sanar cewa za ta daina ƙirga AP cikin kiredit ɗin kammala digiri, sai dai ta yi amfani da shi wajen sanin ajin da ya dace da ɗalibi. Abin ban sha'awa shi ne irin waɗannan jami'o'in su ne suka fi son ganin AP a takardar mai neman shiga, a matsayin shaidar cewa bai guji wahala ba. Don haka ɗalibai da yawa ke tara darussan AP takwas ko goma ba don rage shekarun jami'a ba, sai don a ɗauke su.

Ko an karɓa ma, akwai karɓar da ba ta da amfani. Jami'a na iya rubuta kiredit ɗin a matsayin na zaɓi, wanda bai biya ko ɗaya daga sharuɗɗan fannin da ɗalibin ya zaɓa ba, sai ya ga yana da kiredit 40 amma har yanzu shekara huɗu ke gabansa. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka ya ƙiyasta a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kusan kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Wannan adadi na masu sauya makaranta ne gaba ɗaya, ba na 'yan sakandare kaɗai ba, amma ƙofa ɗaya suke bi. Wasu makarantun likitanci ma sun fi son a sake yin kimiyyar a jami'a.

Shakkar jami'o'i tana komawa ne ga tambaya ɗaya: wa ya koyar, kuma da wane ma'auni? Ƙa'idar da aka fi sani ita ce malamin sakandaren da zai koyar da kwas ɗin jami'a ya kasance yana da digiri na biyu a fannin, ko digiri na biyu a wani fanni tare da kiredit 18 na gaba da digiri a wanda zai koyar. Lokacin da hukumar tantance jami'o'i mai mazauni a Chicago, wadda a lokacin ke kula da jihohi 19, ta ce a 2015 za ta tsaurara wannan, sai ta bayyana cewa ɗimbin malaman, musamman a karkara, digirinsu na biyu a fannin koyarwa ne, ba a lissafi ko tarihi ba. Dole aka yi ta ɗaga wa'adi. Akwai kuma ƙungiyar NACEP da aka kafa a 1999, wadda ke tantance shirye-shiryen bisa sharuɗɗa irin su manhaja ɗaya, ma'aunin maki ɗaya, da ziyarar malamin jami'a zuwa ajin. Shiga cikinta ganin dama ne a yawancin jihohi.

Shi ma ɗalibi akwai abin da yake sa wa a kasada. Idan ya faɗi AP, yana iya ƙin aika sakamakon, magana ta mutu. Idan ya faɗi kwas ɗin rajista biyu, makin ya zauna a takardarsa ta jami'a har abada, yana kuma iya shafar tallafin karatu na gwamnatin tarayya daga baya, domin tallafin na da sharaɗin matsakaicin maki da na yawan kwasa-kwasan da aka kammala. Tallafin Pell, wanda marasa hali suka fi dogara da shi, ba a ba ɗan sakandare, ban da wani gwaji da aka fara a 2016 a kwalejoji 44. Iyaye ma sukan sha mamaki: a ƙarƙashin dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974, da zarar yaro ya yi rajista a kwaleji haƙƙin bayanansa na can ya koma hannunsa ko shekarunsa nawa, don haka uwa kan buga wa malamin kwaleji waya ta ji labarin ɗanta ɗan shekara 16 a ce mata sai da izininsa.

Wa ke samu

Binciken ɗaliban 2009 da aka ambata ya nuna kashi 38 cikin ɗari na farar fata da na 'yan asalin Asiya sun ɗauki kwas ɗin jami'a, 'yan asalin Latin Amurka kashi 30, baƙar fata kashi 27. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: gwajin share fage da ake gindayawa, kuɗin littafi, rashin mota a ƙasar da motar haya ba ta zuwa ko'ina, da kuma wanda malamin jagora ya tuna ya kira ofis ya faɗa wa. Tsakanin birni da karkara kuwa hanyoyin biyu sun raba gari. AP ya fi ƙarfi a birane da unguwannin masu hali, inda za a iya cika aji da masu son kimiyyar lissafi mai zurfi. Ƙaramar makarantar ƙauye mai 'yan ajin ƙarshe 30 ba za ta iya ba, sai ta jingina da kwalejin al'umma mafi kusa.

Makamantansa a wasu ƙasashe

A Ingila ba a buƙaci irin wannan tsari ba, domin shekara biyun ƙarshe na sakandare da ma karatu ne mai zurfi a darussa uku ko huɗu, digirin farko kuma shekara uku ne. Jami'o'in Amurka da yawa na ba da kiredit ga mai wannan shaida, wasu ma har da mai bakaloriya ta Faransa. Najeriya ta gāji tsarin Ingila a da: manyan makarantu irin su Kwalejin Barewa na da ajin HSC na shekara biyu bayan jarrabawar aji biyar, wanda ya ci ya shiga jami'a ya yi shekara uku. Wannan ya kau da zuwan tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980. Abin da ya rage mai kama da shi shi ne IJMB, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, da JUPEB da wasu jami'o'i ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas suka kafa daga baya. Wanda ya ci ɗaya daga cikinsu yana neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hannun JAMB. Bambancin shi ne ana yin su ne bayan an gama sakandare, shekarar da aka tsallake a jami'a an riga an kashe ta a shirin, ga kuma kuɗin da aka biya. Ɗaliban Najeriya da ke tara kiredit tun suna sakandare su ne 'yan tsirarun da ke makarantun ƙasa da ƙasa a Legas da Abuja masu koyar da AP ko IB, kuma galibinsu jami'o'in waje suke hari.